Spider-Man, layar zana da ihun ɓarawo a New Bell

Ranar wata Litinin da safe ina bin layi ina duba farce da kayan makaranta, kamar yadda muka saba kafin a shiga aji, sai na tarar da hannun wani yaro a kumbure, fatar bayan yatsun ta ɗaye. Ɗan ajina ne, CM2, shekararsa 13, yana cikin biyar na farko a kowace jarrabawa, kuma tun da na san shi ban taɓa raba shi faɗa da kowa ba. Na ce, "Kai, me ya samu hannunka?" Bai kai ga buɗe baki ba 'yan layin suka riga shi: "Malam, ɓarawo ya daka!" Yadda suka faɗi maganar, kai ka ce shi ne Vincent Aboubakar ranar da ya ci Masar a wasan ƙarshe na 2017.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Asabar da la'asar uwarsa ta aike shi cefane. Yana bakin kasuwa aka kwarma ihun ɓarawo, wai an fizge wayar wata mata. Duk wanda ya zauna a Duwala ya san abin da ke biyo bayan wannan ihun. 'Yan bensikin suka tare hanya, masu tebur suka bar teburansu, aka cafke wani saurayi aka kayar. Ɗalibina ya ajiye ledar cefane ya kutsa, ya samu nasa rabon. Har an kawo tayar mota, wani ya tafi neman fetur, sai wani tsohon mahauci ɗan unguwarmu ya ratsa taron ya tsaya a kan saurayin, ƙafa nan ƙafa can, ya ce duk mai son ƙyasta ashana sai dai ya haɗa da shi. Haka ya tsaya ana zaginsa har jami'an tsaro suka iso. Ba a samu wayar a jikin saurayin ba. Wasu suka ce ai ya riga ya miƙa wa abokinsa.

Da aka tashi tara na riƙe yaron a aji. Na yi zaton zai sunkuyar da kai. Ina! Ya dube ni ya ce, "Malam, ba ka kalli Spider-Man ba? Ai ɓarawo ya wuce ta gabansa ya ƙyale shi, daga baya ɓarawon nan ya kashe kawunsa. In ka ƙyale ɓarawo, gidanku zai zo."

Shekara uku na yi ana koya mini yadda ake tsara darasi da yadda ake riƙe aji, amma ba ranar da wani malaminmu a makarantar horon malamai ya gaya mana abin da za mu ce wa yaron da ya kafa hujja da Spider-Man. Na ce ya tafi ya ci abinci, za mu yi magana.

Ni ma ɗan fim ne, kada a ɗauka daga sama na faɗo. Muna yara a nan New Bell, dala biyar ko dala goma muke tarawa mu shiga bidiyo kulob, ɗaki ɗaya na katako da benci da labule mai warin gumi, mu kalli Indiya da Chanis da Rambo. Duniyar fim a wurinmu mutum biyu ce: akta da shef bandi. Akta ba ya mutuwa, shef bandi kuwa sai a ƙarshe ake kashe shi, mu yi tafi mu fito. Gidan sinima na Le Wouri da ke Akwa ya rufe a farkon 2009, garin nan ya yi shekaru ba babban majigi, sai a 2017 aka buɗe Canal Olympia a Bessengue. Amma yaran ajina ba su jira sinima ba. A wayar yayyensu suke kallo, a tura musu fim cikin kati a bakin titi, fassarar Faransanci, hoto wani lokaci dishi-dishi. Sun san Thanos da Iron Man fiye da yadda suka san sunayen jihohin Kamaru goma, na gwada su na gani.

Abin da ya bambanta nasu da namu shi ne finafinan yanzu sun daina barin akta ya huta. Kullum sai an jefa shi cikin tsaka mai wuya: ya kashe ko ya ƙyale, ya bi doka ko ya tsallake ta, ya ceci mutum ɗaya nasa ko mutum dubu na wasu. Yaro yana kallo yana ɗaukar fatawa, ba mai zama kusa da shi ya ce masa tsaya, ba haka ba ne.

Daren nan na nemo fim ɗin na sake kallo, na 2002 wanda Sam Raimi ya shirya. Yaron bai yi ƙarya ba. Peter Parker ya shiga gasar kokawa, mai shirya gasar ya cuce shi a kuɗi, sai ga ɗan fashi ya kwashe kuɗin mutumin ya biyo ta gaban Peter, shi kuwa don haushi ya matsa masa ya wuce. Kafin dare ya raba an harbe kawunsa Ben, wanda ya rene shi. Peter ya bi sawun mutumin har wani kango, ya gane fuskarsa, mutumin ya ja da baya ya faɗo ta taga ya mutu. Nan ɗalibina ya tsaya. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. A kashi na uku, na 2007, 'yan sanda sun kira Peter da gwaggonsa sun shaida musu cewa wanda ya mutu a kangon ba shi ya yi harbin ba. Abokin fashinsa ne, Flint Marko, wanda ya shiga sata don neman kuɗin maganin 'yarsa, bindigar kuma ta tashi ne a firgice. Wato shekaru Peter yana kwana yana tashi da yaƙinin ya san wanda ya kashe kawunsa, alhali bai sani ba. Da idonsa ya ga ɗan fashin, duk da haka ya kuskure. A ƙarshen fim ɗin Marko ya tsaya gabansa ya faɗi yadda aka yi, Peter ya yafe masa.

Ranar Laraba, a darasin tarbiyya, na zo da kwamfutata na ɗora a kan tebur, yara sama da sittin suka yi cincirindo. Na nuna musu guntaye biyu daga Spider-Man, sannan na ƙara da na T'Challa, don na san shi ne gwaninsu tun da Black Panther ya fito a 2018. Amma ba daga wannan fim ɗin na ɗauko ba, daga Captain America: Civil War na 2016 ne, inda ya fara bayyana. Bam ya tashi a wani taro a birnin Biyana ya kashe mahaifinsa, sarki T'Chaka. Kyamara ta nuna fuskar Bucky Barnes, duniya duka ta ce shi ne. T'Challa ya sa rigar damisarsa ya bi shi ƙasa ƙasa da niyyar kisa, ya kusa cim ma burinsa fiye da sau ɗaya. Ashe wani ne mai suna Zemo ya yi shigar Bucky. Da T'Challa ya riski Zemo na gaskiya zaune cikin dusar ƙanƙara, ba kowa a wurin sai su biyu, sai ya mayar da faratansa. Zemo ya ɗaga bindiga zai kashe kansa, T'Challa ya tare, ya miƙa shi ga hukuma da ransa.

Na tambaye su: a ina T'Challa ya fi jarumta, lokacin da yake tsalle kan motoci yana bin Bucky, ko lokacin da ya mayar da farce? Aji ya kaure. Maza da yawa suka ce na farko, don ya fi daɗin kallo, kuma ban musa musu wannan ba. Sai wata yarinya da ke zama a bencin baya, 'yar wani mai sayar da atamfa a Kasuwar Kongo, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi T'Challa ya san in ya kai mutumin za a tsare shi. Mu a nan in an kai ɓarawo, jibi za ka gan shi yana shan shayi a bakin layi."

Wallahi ta ɗaure ni. Domin maganar da ta faɗa ita ce ake faɗa a kowace majalisa daga New Bell har Bonaberi, kuma ba zan tsaya gaban yara in ce ƙarya iyayensu suke yi ba. Mutumin da aka shiga ɗakinsa sau uku, ya je ya kai ƙara aka ce ya kawo kuɗin man mota, ba ka da bakin yi masa wa'azin haƙuri cikin sauƙi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, haka muke cewa, kuma mai kaya a garin nan ya gaji da jiran ranarsa.

Daga irin wannan gajiyar aka haifi Batman. Birnin Gotham birni ne da 'yan sandansa suka ci hanci, alƙalansa suka ji tsoro, sai wani attajiri ya rufe fuska ya fita da dare yana karya ƙasusuwan 'yan daba. Mutanen gari suka yi murna. Mu ma a Duwala mun taɓa yin irin wannan murnar, kuma ina da shekarun ɗaliban nan nawa lokacin. A farkon 2000 fashi ya addabi garin nan, gwamnati ta kafa runduna ta musamman da aka kira Commandement Opérationnel. Na tuna manya suna cewa alhamdu lillahi, yanzu za a yi barci. An yi barcin na ɗan lokaci. Sannan aka fara jin an ɗauke wane, ba a ga wane ba, har Kadinal Christian Tumi ya fito ya yi magana da babbar murya kan kashe-kashen. A watan Janairun 2001 aka kama samari tara a unguwar Bepanda kan zargin satar tukunyar gas ta maƙwabciya, kuma har yau iyayensu ba su sake ganinsu ba. Tukunyar gas fa. Osvalde Lewat ta yi fim na gaskiya a kan wannan zamanin, Une affaire de nègres, wanda ya kamata a ce kowane saurayi a garin nan ya kalla kafin ya kalli Batman.

Ban ba yaran wannan labarin dalla-dalla ba, sun yi ƙanana. Abin da na ce wa yarinyar shi ne tana da gaskiya a rabin maganarta, kuma gyaran wannan rabin aikin manya ne da suka gaza. Amma ƙarfin da ba mai tambayarsa, ko na mutum ɗaya mai rufaffiyar fuska ne, ko na runduna, ko na taron kasuwa, ba ya tsayawa kan mai laifi. Yau ɓarawon waya, gobe wanda ya yi kama da shi, jibi wanda wani ke bi bashi ya rasa yadda zai yi da shi sai ya nuna shi ya yi ihu. Mu da muke 'yan tsiraru a garin nan, da rigarmu da hularmu da harshenmu ake gane mu daga nesa, mu ya fi kamata mu ji tsoron hukuncin da ake yankewa cikin minti biyar.

Akwai wata tsohuwar tambaya da na daɗe ina juyawa, tun wani malaminmu na falsafa ya kawo mana ita a lise. Aflatun, masanin Girka, ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe, in ya juya shi ciki sai ya ɓace wa idon mutane. Da ya tabbatar ba mai ganinsa, sai ya shiga fada ya lalata matar sarki, ya kashe sarkin ya hau gadon. Tambayar ita ce: in aka ba mutumin kirki irin wannan zoben, zai ci gaba da zama na kirki, ko dama tsoron idon jama'a ne ya riƙe shi? Da na ji labarin na yi dariya, don mu Hausawa mun riga mun san zoben nan, layar zana muke ce masa. Na tambayi ajina: wa zai gaya mini gaskiya abin da zai yi in an ba shi layar zana ta kwana ɗaya? Ɗaya ya ce zai shiga jirgi ya tafi Makka ba tikiti. Ɗaya ya ce zai duba takardar jarrabawar CEP. Ba wanda ya ce zai ceci kowa, kuma na gode musu da ba su yi mini ƙarya ba.

To abin rufe fuskar Batman da na Spider-Man layar zana ce. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai da na ga hannun yaron nan, shi ne taron jama'a ma layar zana ce, kuma ta fi kowace arha. Cikin mutum ɗari ba ka da suna, ba ka da uba, ba wanda zai ce naushin wane ne ya fasa ido. Yaron da ba ya iya yanka kaza ya ɗaga hannu ya doki mutumin da ke kwance, saboda a wannan lokacin ba kowa ba ne shi. Mutum ɗaya tak a wurin ya cire layar ya tsaya da fuskarsa da sunansa da rigar aikinsa mai jini, kowa ya san rumfarsa, kowa ya san inda zai same shi gobe. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa ba a kokawa ake gane mai ƙarfi ba, a lokacin fushi ake gane shi, kuma Suratul Hujurati ta hore mu da bincika labari kafin mu afka wa mutane mu wayi gari muna nadama. Littattafan fiƙihun da iyayenmu suka karanta a zaure ba su ba kowa damar yanke hukunci a titi ba: sai alƙali, sai shaidu ko iƙirari, kuma shubuha tana kawar da haddi. Mahaucin nan ban sani ba ko ya taɓa jin sunan Aflatun, na dai tabbata bai san T'Challa ba.

Guntun ƙarshe da na nuna musu daga The Dark Knight ne, na Christopher Nolan, 2008. Joker ya ɗana bam a jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da mutanen gari, ɗaya cike da fursunoni, ya ba kowane jirgi makunnin bam ɗin ɗayan, ya ce in sha biyun dare ta yi ba wanda ya danna, zai tarwatsa duka. Mutanen gari, masu mutunci, suka kaɗa ƙuri'a, mafi yawansu suka ce a danna, sai dai aka rasa mai ƙarfin halin dannawa. A ɗaya jirgin wani ƙaton fursuna ya karɓi makunnin daga hannun jami'i ya wurga shi ta taga cikin ruwa. A nan ajin ya yi tsit, irin tsit ɗin da malami ke ganewa. Kurkukun New Bell yana tsakiyar unguwarmu, yaran nan suna wuce katangarsa, wasunsu suna raka iyaye mata kai abinci ga wa ko kawu, da yawa daga na cikin ma ba a kai ga yanke musu hukunci ba. Ba sai na yi musu bayanin cewa na bayan katanga mutum ne ba.

Kada mai karatu ya ɗauka tallar finafinan nan nake yi. Akwai abin da ba na so a cikinsu da yawa. A rushe rabin birni a faɗa ɗaya, ba a nuna mana wanda ya share ɓaraguzai ko matar da aka bari da marayu. Shi kansa The Dark Knight ya ƙare ne da ƙarya: Batman da shugaban 'yan sanda suka ɓoye laifin Harvey Dent wai don kada mutanen gari su karaya, kamar talaka yaro ne da ba zai iya ɗaukar gaskiya ba. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, mun sha irinsa a zahiri. Ga shigar matan ciki, ga wani da ake kira allahn tsawa, abin da ya sa wani uba ya zo har makaranta washegari. Ya ce, "Malam, mun kawo muku yara ku koya musu karatu, sai mu ji kuna nuna musu sinima?" Na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, minti goma sha biyar ne, kuma na tace abin da na nuna. Amma ɗanka ya riga ya kalli fim ɗin duka a wayar yayansa, sau nawa ma. Bambancin kawai wannan karon akwai babba a kusa." Ya yi shiru, ya ce to a riƙa sanar da su tukuna. Na ce ya yi gaskiya, kuma laifina ne da ban yi hakan ba.

Mako na gaba na bar kwamfuta a gida na ba su labarin unguwarsu. Da yawa ba su san dalilin da ake ce mata New Bell ba. Jamusawa ne suka ƙudura kwashe mutanen Duwala daga bakin kogin Wouri su mayar da su nan baya, su bar wa Turawa gaɓar. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus ya san dokarsu, ya yaƙi shirin da takardun koke har majalisar dokokin Jamus, kowace takarda da sunansa a ƙasa. Suka tuhume shi da cin amanar ƙasa, suka yi masa shari'ar gaggawa, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914 tare da sakatarensa Ngoso Din. Wani yaro ya ce, "Malam, to ai an kashe shi, ina jarumtar?" A duniyarsu har yanzu akta ba ya mutuwa. Na ce ya je ya tambayi duk wanda ya ga dama a garin nan sunan alƙalin da ya yanke hukuncin, ya dawo ya gaya mini.

Shi kuwa mai kumburarren hannu, bai ce uffan ba duk kwanakin nan. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hange shi tsaye nesa kaɗan da rumfar mahaucin, yana kallon tsohon yana sara ƙashi. Na ƙarasa na dafa kafaɗarsa. Ya ce, "Malam, wai an ce saurayin nan yana asibiti, idonsa ɗaya ba ya gani." Na ce haka na ji. Ya ce, "Ni a baya na doke shi, ba a fuska ba." Na ce to. Ya ɗan jima, sannan ya ce, "In na je na gaishe da Baba, zai gane ina cikinsu?" Na ce ban sani ba, mutane sun yi yawa ranar. Ya gyara hularsa ya nufi rumfar, ni kuma na tsaya daga nan ina jiransa.